Nasiha Ga Samari Fatake A Kan Tsohuwar Azurfar Sin Da Jabunta

Ya ku 'ya'yana da ƙannena masu tasowa, musamman waɗanda Allah ya buɗa wa ƙofar fatauci zuwa ƙasar Sin, ƙasar da mu a zamanin ƙuruciyarmu ba mu san sunanta ba sai a bakin malamai idan suna son buga misali da matuƙar nisa, ga shi kuwa yau ɗayanku yakan bar Kano da hantsi, kafin kwana biyu su cika yana tsakiyar birnin Gwanzu yana taya kaya: ina so in yi muku magana a kan wani ƙaramin babi daga cikin babukan ciniki, wanda ƙanƙantarsa ba ta hana shi cinye jarin mutane ba, watau sayen abin da ake kira tsohuwar azurfar Sin, da yadda za a rarrabe ta da kuza da dalma waɗanda aka sanya wa rigarta.

Dalilin wannan magana kuwa shi ne, wani ɗan ƙanwata, yaro mai hankali wanda ba a taɓa cutarsa a cinikin tayil ko na fitilu ba, ya komo daga tafiya, bayan an yi masa barka da sauka jama'a sun watse, sai ya jawo ni gefe, ya zaro wani ƙulli na jan ƙyalle daga ƙasan jakarsa, ya kwance shi a hankali kamar mai kwance laya. A ciki akwai wani curin farin ƙarfe mai siffar ƙaramin jirgin ruwa, ya yi baƙi-baƙi, da rubutun Sinanci a samansa, da hoton macijin nan nasu na almara mai ƙafafu da ƙaho a gefensa. Ya ce mini, "Kawu, wannan kuɗin sarakunan da ne. Kakan mai shi ne ya binne shi a gindin bango lokacin tarzoma." Kuɗin da ya biya za su sayi sabon babur. Kashegari muka tafi da shi wajen wani tsohon maƙerin fari wanda na sani tun ina yaro. Tsohon nan bai ko dubi rubutun ba. Ya jinjina curin a tafin hannunsa sau biyu, ya sake shi a kan uwar maƙera, sai muka ji tif, kamar an yar da curin sabulu. Ya juya gindinsa, ya sa tsinin wuƙa, sai ga ƙarfe yana nannaɗowa ba gardama. Ya goga wurin a farar takarda, ya bar toka-tokan zane irin na fensir. Sa'an nan ya miƙa wa yaron abinsa, ya ce, "Ɗana, wannan ai ɗan'uwan abin da muke liƙe buta da shi ne." Duk shari'ar ba ta kai tsawon alwala ba.

Kafin ku iya gane jabu, wajibi ne ku san asalin da aka kwaikwaya. Mutanen Sin sun daɗe suna ƙaunar azurfa fiye da yadda ƙasarsu take fitar da ita, har ya zama a zamanin daular Ming, wajen shekarar 1581, an tattara harajin ƙasa an ce a biya shi da azurfa. Wannan ƙishirwa ce ta jawo azurfar Japan, ta kuma jawo wadda Sifaniyawa suke haƙa a dutsen Potosi da ƙasar Meziko, jiragen ruwa suna ƙetare teku da ita zuwa Manila, daga nan fatake su musanya ta da siliki da tangaran. Ba ƙirga ta suke yi ba, aunawa suke yi, da wani ma'auni da suke kira liyan, wanda nauyinsa yake wajen giram 37, ko da yake na wannan gari yakan ɗan saɓa wa na wancan. Sukan narka ta su zuba ta curi-curi, babba mai liyan hamsin, matsakaici mai goma, har zuwa ƙanana. Turawa suna kiran curin nan saisi, daga wata kalma ta mutanen Kanton mai ma'anar siririn siliki, saboda wasu siraran layuka masu kewaye da juna da suke fitowa a fuskar tatacciyar azurfa idan tana sandarewa, alhali gindin curin yana da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Curin gaskiya kuɗi ne, ba kayan ado ba. Abin da aka fi bugawa a kansa shi ne sunan maƙeri, da sunan gari, wani lokaci da shekara ko irin harajin da aka biya da shi. Saboda haka curin da kuka ga an ƙawata shi da macizai da furanni, ya riga ya fara ba da shaida a kan kansa. Wannan tsari ya ɗore har 1933 da hukuma ta soke lissafi da liyan, kana a 1935 ta bar azurfa ɗungurungum ta koma kuɗin takarda.

Akwai kuma wani jinsi wanda masu tara kayan tarihi suka fi nema, watau kayan da maƙeran Sin suka ƙera domin baƙi. Bayan 1757, lokacin da Sarki Ciyanlun ya taƙaita cinikin Turawan teku a tashar Kanton kaɗai, wanda shi ne Gwanzun da kuke zuwa yau, fataken Ingila da na Amurka suka lura cewa maƙeran garin suna iya kwaikwayon butar shayi da cokali da faranti na Landan, aiki mai kyau a kan kuɗi kaɗan. Bayan yarjejeniyar Nanjin ta 1842 sana'ar ta bazu zuwa Hong Kong da Shanghai, adon kuma ya koma na gida: macijin almara, da gora, da furanni irin nasu, da mutane a lambu. Sunaye kamar Cutshing da Khecheong a Kanton, da Wang Hing a Hong Kong, da Luen Wo da Tuck Chang a Shanghai, su ne ake gani a gindin kayan, galibinsu kuwa sunayen masu kanti ne, sunan ainihin maƙerar yana gefe cikin harafin Sinanci, sau da yawa tare da lamba 90, watau da'awar cewa kashi casa'in cikin ɗari azurfa ce.

Na ce da'awa da gangan. A Ingila, tun shekarar 1300 doka ta wajabta a gwada azurfa kafin a buga mata hatimi, ma'auninta kuwa 925 cikin dubu. Amma Sin ba ta da irin wannan gidan gwaji na hukuma a kan kayan ƙira, hatimin maƙeri alkawarinsa ne kawai. Bal ma maƙeran Kanton na farko sukan buga wa kayansu 'yan hatimai masu kama da na Ingila, da zaki da kan sarki, alhali kayan ba su taɓa ganin Landan ba, ko da yake azurfar tasu ta gaskiya ce. To, idan hatimi ya yi ƙarya a kan kayan gaskiya, me zai hana shi yin ƙarya a kan na jabu? Wanda ya iya zuba curi, sassaƙa harafi biyu masu ma'anar "tsantsar azurfa" ba zai gagare shi ba. Mu ma Hausawa muna da hujja a kan haka a cikin adudun kakanninmu mata. Liyarin nan mai hoton Sarauniya Mariya Tereza, wanda maƙeranmu suka yi ta narkawa suna ƙera mundaye da zobba, kowane ɗaya za ku ga 1780 a jikinsa, alhali an ci gaba da buga shi da wannan shekarar fiye da ƙarni guda bayan rasuwar matar. Shekarar da aka rubuta a ƙarfe ba ita ce shekarar haihuwarsa ba.

Kada kuma ku ɗauka kuza abin wulaƙanci ce. Mu da muke da Riruwai da tsaunukan Jos bai kamata mu raina ta ba. A Sin ma tana da daraja da tarihi: ana haƙo ta a Gejiu cikin lardin Yunnan, ana gama ta da ɗan jan ƙarfe ko dalma, ana yin gwangwanayen ajiye ganyen shayi da ita saboda murfinta yana rufuwa ruf, da butocin giya, da kaskon turare na ɗakunan bautarsu, garin Shantou, wanda Turawa suke kira Swatow, ya yi suna a wannan sana'a, har tsoffin kayansa suna da masu nemansu da kuɗinsu na halal. Haka nan akwai wani gami da suke kira baitun, watau farar tagulla, wanda yake haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, ba ɗigon azurfa a cikinsa. Turawa sun yi shekaru suna mamakinsa kafin Jamusawa su gano sirrinsa wajen 1823, shi ne ma ya sa ake ce masa azurfar Jamus. Yawancin mundayen da ake tallatawa yau da sunan azurfar Tibet ko ta ƙabilar Miyawo daga wannan dangi suke. Tun kuma da Elkington na Birmingham ya samu izinin mallakar hanyar yi wa ƙarfe ruwan azurfa da lantarki a 1840, kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya samun siririyar fata ta azurfar gaske. Aibin ba a ƙarfen yake ba, a sunan da aka laƙaba masa yake. Kama da wane ba ta wane.

Baƙin da kuke gani a jikin kaya kuna cewa tsufa ne, shi ma shaidar zur ne sau da yawa. Azurfa tana yin baƙi ne idan ta haɗu da farar wuta da take cikin iska ko cikin abinci, shi ya sa gwaiduwar ƙwai take ɓata cokalin azurfa. Baƙin nan yakan fara da ruwan ɗorawa, ya koma shuɗi-shuɗi, kana ya yi duhu, yana taruwa a lunguna, alhali tudun ado, inda hannaye suka yi shekara ɗari suna shafa, yana nan fari sumul. Kuza kuwa ba ta yin wannan. Dusashewa take yi ta koma ruwan toka, kome gogarka ba za ta ba ka farin nan mai ɗaukar ido ba. Mai algus yakan shafa baƙin mai ko wani sinadari, sai baƙin ya game ko'ina bai ɗaya, tudu da kwari, wani lokaci ma ka sa tsumma da kananzir ya biyo tsumman. Labarin kaka da gindin bango kuwa, ba na ɓata muku lokaci a kansa. Shi ne mafi arahar abin da ake ƙerawa a wannan sana'a.

Shaidar da ba ta karɓar toshiya ita ce nauyi, domin Mahalicci ya ba kowane ma'adini gwargwadonsa, ba kuwa mai iya canja shi da hatimi. Azurfa tsantsa ta fi ruwan da ya yi daidai da girmanta nauyi sau goma da rabi. Mai kashi casa'in tana wajen goma da ɗigo uku. Farar tagulla ba ta cika tara ba. Kuza kuwa bakwai ce da ɗan ɗoriya. Hanyar gane wannan tsohuwa ce, tun daga Arkimidis na Yunanawa, malaman Musulunci irin su Albiruni kuma suka kyautata ta, ba ta kuwa bukatar kome sai ƙaramin sikelin lamba irin na masu sayar da zinariya, da kwano, da zare. Ku fara auna abin a busashe ku rubuta. Sa'an nan ku ɗora kwanon ruwa a sikeli ku mayar da lambar sifiri, ku ɗaure abin da zare, ku zura shi cikin ruwa har ya nutse duka, amma kada ya taɓa gindin kwano ko gefensa. Lambar da ta fito ita ce nauyin ruwan da ya ture. Ku raba ta farko da ta biyu. Da muka komo daga wajen maƙeri, yaron nan bai gama sallamawa ba, sai na sa shi ya yi wannan da hannunsa a tsakar gida. Curinsa giram 370 ne, daidai liyan goma, domin masu jabun sun kula da wannan. Da azurfa ce, da ruwan da zai ture bai wuce giram 36 ba. Sikeli ya nuna 49. Ya sake, ya kuma sakewa, yana tsammanin la'alla zaren ne ya karkace, har ruwan ya jiƙa masa hannun riga.

Sai dai ku kiyaye abu biyu a nan. Wannan awo ba ya aiki a kan abin da yake da rufaffen ciki, kamar mariƙin wuƙa ko munduwa mai kogo, domin iskar da take ciki za ta ɓata lissafi. Kuma dalma ta fi azurfa nauyi, tana kai sha ɗaya da ɗigo uku, saboda haka mai wayo yana iya yawaita ta a cikin kuza har lissafi ya kusanci goma. Amma wanda ya toshe wannan ƙofa ya buɗe wata, gama gamin da dalma ta yi masa yawa laushi gare shi, farce ma yana iya yi masa tabo, yana zane a takarda, ba shi kuma da murya. Azurfa idan aka rataye ta aka ƙwanƙwasa, tana da amo siriri mai jan lokaci, wanda duk wanda ya taɓa jin liyari ya faɗi a daɓe ba zai manta da shi ba. Mutanen Sin kansu sukan riƙe wata dalarsu ta azurfa mai kan Yuan Shikai, wadda aka fara bugawa a 1914, da ƙarshen yatsu biyu, su hura gefenta da ƙarfi, su kai kunne su saurari kukanta. Zafi ma shaida ne, domin babu ƙarfen da ya kai azurfa saurin ɗaukarsa: ku ɗora ƙanƙara a kanta za ku ga tana narkewa kamar an ɗora ta a kasko, saboda haka ne ma ake sa 'yan zobban hauren giwa ko na ƙashi a mariƙin butar shayi ta azurfa don kada ta ƙona hannu. Amma kada wani ya ce zai gwada da wuta, domin kuza tana narkewa a ma'aunin zafi 232, azurfa sai 962. Kafin ka ankara ka mayar da kayan mutane ruwa. Maganaɗisu kuwa, wanda na ga samari suna yawo da shi a aljihu suna jin sun gama tsaro, ba ya kama azurfa, ba ya kama kuza, ba ya kama dalma, ba ya kama farar tagulla. Baƙin ƙarfe kaɗai yake tonawa.

Bayan ƙarfe sai aiki, a nan ne kuma idon maƙeri ya fi na tajiri. Azurfa ƙira take so. Maƙerin Kanton yakan buge faifanta da guduma har ya tashi ya zama buta, ya cika cikin da ƙaro, ya bi ta da 'yan ƙananan kurfuna yana tura ado daga baya yana gyara shi daga gaba, ko ya ƙera adon dabam ya liƙa. Idan kuka leƙa cikin irin wannan buta sau da yawa za ku ga sawun guduma, za ku ga ɓawon macijin nan kowane ɗaya an buga shi shi kaɗai, wani ya ɗan fi wani, layukan kuma masu kaifi ne. Kuzar jabu kuwa galibi zubi ake yi mata. Abin zubi jikinsa kauri gare shi, adonsa ya yi dagwalgwal kamar sabulun da aka fara wanka da shi, akwai siririn layi a inda ɓangarorin mazubi biyu suka haɗu, akwai 'yan ƙuraje da ramukan iska. Mafi girman tonon asiri shi ne hatimin da aka zuba tare da jiki maimakon a buga shi da ƙarfe daga baya: gefensa ba kaifi, ba ya kuma barin alamar bugu a ɗaya fuskar. In kuwa kun ga uku ko huɗu iri ɗaya sak a shimfiɗa guda, har tabon da yake jikin wannan yana jikin wancan, to uwa ɗaya ta haife su, ba da daɗewa ba kuwa. Gwajin ruwan asid na masu zinariya, da na'urar nan ta zamani mai haska ƙarfe ta faɗi abin da yake cikinsa, ku bar su ga ma'abotansu, amma ku sani dukansu fata suke karantawa. In an yi wa abu ruwan azurfa, sai an kankare wani ɓoyayyen wuri kafin su faɗi gaskiya.

Akwai wata hujja ta hankali wadda da yaron nan ya san ta, da ko sikeli bai bukata ba. Tun 2007 ƙa'idar Sin ta hana fitar da kayan tarihi da aka yi daga 1911 zuwa baya, watau duk abin da yake na zamanin sarakuna. Saboda haka wanda ya tare ku a bakin titi, ko a kasuwar tsoffin kaya irin Panjiyayuwan ta Beijing, ya ce ga azurfar zamanin sarakuna ku tafi da ita gida, ɗayan biyu ne: ko ƙarya yake yi ku yi asarar kuɗi, ko gaskiya yake faɗi ku haɗu da jami'an kwastan. Kayan da aka ƙera domin baƙi kuwa, ai baƙin sun tafi da su tun tuni. Sun fi yawa a gidajen gwanjo na Ingila da Amurka bisa ga titunan Gwanzu. Banza ba ta kai zomo kasuwa, mai sayarwa kuma ya fi ku sanin farashin azurfa na ranar. Duk abin da aka sallama muku ƙasa da kuɗin nauyinsa, ba azurfa ba ne.

Ba zan rufe ba sai na tuna muku cewa azurfa ba kamar sauran haja take ba a wajen malaman fiƙihu. Ita ɗaya ce daga cikin kuɗaɗe biyu, tana da hukuncin canji da sharaɗin hannu da hannu, tana da zakka idan ta kai nisabin dirhami 200, wanda ake ƙiyastawa da giram 595. Ci da sha a ƙoƙon azurfa haramun ne, malamanmu Malikawa kuwa sun tsananta har a kan ajiye irin waɗannan kwanuka ko da ba a amfani da su. Don haka wanda yake nufin shiga cinikin butoci da farantai, ya zauna gaban malaminsa tukuna, kada ya ɗauki fatawa daga bakina. Tsohuwar kuza mai dalma ita ma kada a sha shayi a cikinta, wannan kuwa likita ne zai gaya muku dalili, domin dalma guba ce mai taruwa a jiki. Abin da ya fi damuna shi ne abin da yakan biyo bayan an cuci mutum. Yaron nan, da zafin asara ya taso masa, ya ce mini ai akwai wani mai kuɗi da yake son irin waɗannan abubuwa, ba kuwa zai gwada ba. Na ce masa wanda ya sayar maka wataƙila shi ma bai sani ba, kai kuwa yanzu ka sani, ɓoye aibin da aka sani shi ne algus ɗin da shari'a ta hana, ta kuma ba mai saye haƙƙin mayar da kaya saboda shi. Ya yi shiru, ya naɗe jan ƙyallensa.

Curin yana nan a shagonsa har yau, a kan tebur, yana danne rasitai kada fanka ta kwashe su. Wanda duk yake shirin tafiya daga cikinku, ya je ya roƙe shi ya ba shi ya jinjina a hannu, ya sake shi a ƙasa ya ji muryarsa, sa'an nan ya sa ƙaramin sikeli da ƙullin zare a jakarsa kafin ya nufi filin jirgi.